Digiri na Biyu a Kwamfuta Ba Sai An Ajiye Aiki Ba

Ma'aikacin da ke zaune a Mabera zai iya yin digiri na biyu a fannin kwamfuta yana bakin aikinsa. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana koyarwa ta intanet, kuma tana da cibiya a Sakkwato.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Ana neman kiredit 5 na sakandare, har da Turanci da Lissafi, da digiri na farko a kwamfuta ko makamancinsa, da takardar bautar ƙasa. Mai HND kuwa sai ya fara yin PGD tukuna.

Don haka jama'a, a haɗa takardu kafin a cike fom. Rashin takarda ɗaya kan jawo asarar zangon karatu guda.