Me ya sa install.sh yake ƙin aiki a Termux?

Manhajoji da yawa a GitHub suna zuwa da ɗan fayil mai suna install.sh, wato jerin umarnin da zai girka maka manhajar kai tsaye. A kwamfutar Ubuntu sai ya tafi sumul, amma ka kawo shi Termux a wayarka ya tsaya a hanya. Sau da yawa laifin ba na wayar ba ne. Wanda ya rubuta fayil ɗin ne ya ɗauka kowa irin na'urarsa yake da ita.

Duba layin farko. Yawanci za ka ga #!/bin/bash, amma Android ba ta da bash a wannan wurin. Termux na ajiye nasa a /data/data/com.termux/files/usr/bin. Wannan kam da sauƙi, termux-exec yana gyara shi da kansa, ko ka yi amfani da termux-fix-shebang. Idan kuma fayil ɗin ya kira sudo ko ya nemi rubutu a /usr/local/bin, wayar da ba a yi wa rutin ba ba za ta yarda ba.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ta uname. Fayil ɗin yana tambayar wane tsari yake kai, Termux ya amsa "Linux", kuma gaskiya ya faɗa. Sai ya sauko da manhajar da aka haɗa don glibc, alhali Android tana amfani da nata ɗakin lambobin mai suna Bionic. Datarka ta tafi, fayil ɗin yana nan a ajiye, ka kira shi a ce maka babu shi. Wani ma x86_64 zai sauko maka, wayarka kuwa aarch64 ce.

Ba masu waya kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba. A 2006 Ubuntu 6.10 ta mayar da /bin/sh zuwa dash, fayiloli da dama da suka dogara da bash suka lalace.

Kafin ka gudanar da kowane install.sh, fara da pkg search, wataƙila an riga an haɗa manhajar don Termux. Idan babu, buɗe fayil ɗin da nano ka karanta, musamman duk inda rm -rf ya bayyana, domin idan ka ba Termux izinin shiga ma'ajiyar waya, hotunanka ma zai iya sharewa. Wanda ya nace sai glibc, girka Debian ta proot-distro ka gudanar da shi a ciki, sai dai zai ci wuri kuma ya ɗan yi nauyi.