"Gajiya a Zuci Take": Ina Gaskiyar, Ina Ƙarin Gishirin?

Akwai filin makarantar firamare a unguwarmu inda samari ke taruwa bayan sallar asuba su yi gudu, yawancinsu masu shirin shiga soja ko aikin ɗan sanda. Mai horar da su tsohon ɗan ƙwallo ne, usur a wuya, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: "Gajiya a zuci take! Ka ce za ka iya, za ka iya!" Yanzu maganar ta bazu, a wayoyi, a gidajen ɗaga ƙarfe, har a bakin masu tallan shayin rage ƙiba. Akwai gaskiya a cikinta, fiye ma da yadda masu musu ke zato. Sai dai an cuɗa ta da ƙarya, kuma ɓangaren ƙaryar ne na ga ya kwantar da yaro a asibiti.

Gaskiyar ita ce kai na da hannu a lokacin da mutum ke sarewa. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya sun gwada mutum 16. Wata rana aka ba su aikin kwamfuta mai cin ƙwaƙwalwa na minti 90, wata rana kuma suka zauna kallon shirin talabijin mai sauƙi, sannan a kowace rana aka ɗora su kan keken motsa jiki su yi ta tuƙi har su gaza. Ranar da kai ya gaji, sun sauka da wuri da kusan kashi 15 cikin 100, alhali zuciyarsu da tsokokinsu ba su nuna wani rauni na daban ba. Aikin ne kawai suka ji ya fi musu nauyi. A 2014 wannan rukuni ya koya wa wasu su riƙa faɗa wa kansu gajerun kalmomin ƙarfafa gwiwa yayin tuƙi, bayan mako biyu suka ƙara jimiri da kusan kashi 18.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ba zai yi mamaki ba. Ka ga ɗan dambe yana haki, hannu ya yi sanyi, sai makaɗi ya ɗauko takensa da kalangu, ya yi kirari, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya koma kamar sabo. Kiɗan ya fito da ƙarfin da ya rage ne a jikinsa. Da bai tara shi ba tun a wajen atisaye, da kalangu ya fashe ma babu abin da zai fito.

Daga nan ƙarin gishiri ke farawa. Ana yaɗa cewa tunani kaɗai na gina jiki, wai ka kwanta ka riƙa ganin kanka kana ɗaga ƙarfe, ƙwanji zai fito. Tushen zancen wani bincike ne da Guang Yue da abokansa suka wallafa a 2004 a Cleveland ta Amurka. Mutane sun yi mako 12 suna raya a ransu cewa suna tura ƙaramin yatsa da iya ƙarfinsu, minti 15 a rana, kwana biyar a mako, ƙarfin yatsan ya ƙaru da kashi 35. Waɗanda suka yi atisayen na zahiri sun sami kashi 53. Ga gwiwar hannu kuwa, tunanin bai ba da fiye da kashi 13.5 ba. Ƙwaƙwalwa ce ta koyi aika wa tsoka umarni mai ƙarfi, kuma wannan na da amfani ga wanda karaya ta ɗaure. Zuciya da huhu da ƙashi kam sai an ɗora musu aiki suke ƙaruwa.

Haka labarin matan otal, wanda masu tallan rage ƙiba suka fi so. A 2007 Alia Crum da Ellen Langer na Jami'ar Harvard sun bi mata 84 masu gyaran ɗakuna a otal bakwai. Aka gaya wa wasunsu cewa shara da guga da canza zanen gado motsa jiki ne cikakke, sauran ba a ce musu komai ba. Bayan mako huɗu, waɗanda aka gaya wa sun ragu da kusan kilo ɗaya, awon jininsu ma ya sauka. Masu yaɗa labarin kan tsallake cewa matan nan kullum a tsaye suke yini, suna gyara ɗaki wajen 15, kuma binciken ƙarami ne, na wata guda. Ni abin da na ɗauka a ciki daban ne: uwar da ke daka, tana jan ruwa a rijiya, tana share tsakar gida da goyo a baya, kada wani ya ce mata ba ta motsa jiki don ba ta da takalmin gudu. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema daga baligi, aikin gida da na gona na shiga lissafinsa.

Sai labarin Roger Bannister, wanda duk mai laccar ƙarfafa gwiwa ya haddace. Ana cewa duniya ta yarda ba mai iya gudun mil ɗaya a ƙasa da minti huɗu, da ya karya wannan imani sai mutane da dama suka bi sahu cikin shekara guda. Ya yi gudun kam, ranar 6 ga Mayu 1954 a Oxford, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Amma a wannan shekara mutum ɗaya ne tak ya bi shi, John Landy na Ostareliya, bayan kwana 46, wanda dama ya daɗe yana kusa da kaiwa. Sai a Mayun 1955 wasu uku suka yi. Tun 1945 Gunder Hägg na Suwidin ya rage saura daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya riga ya dagula wasanni a yawancin Turai. Bannister ɗalibin likitanci ne da ya tsara atisayensa da lissafi, abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, suka ja shi a gaba suna daidaita masa taki.

Mafarkin nasara ma kan ja mutum baya. A 1991 Gabriele Oettingen ta bi mata 25 masu neman rage ƙiba. Waɗanda suka yi tsammanin za su ci nasara sun ragu sosai, amma waɗanda suka riƙa zana wa kansu cewa abin zai zo da sauƙi sun tashi a baya da kusan kilo 11 bayan shekara. Shawararta ita ce ka hango burin, ka kuma hango abin da zai tare ka, ka yanke tun yanzu abin da za ka yi idan ya taso. Misali, idan barci ya fi ƙarfinka bayan asuba, to za ka taka da ƙafa zuwa kasuwa da la'asar.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce cewa ciwo ma a zuci yake. A wata bazara, cikin zafin Afrilu, wani yaro a filin nan namu ya ce cinyoyinsa na ciwo, aka ce masa ragon namiji, ya cije ya ƙarasa zagayen, sannan aka sa su tsallen kwaɗo. Washegari ya kasa miƙewa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya ce tsoka ce ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini yana neman toshe ƙoda. Kasala da haki da nauyin ƙafa ana iya lallashinsu da magana. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, amai cikin zafin rana da baƙin fitsari kuwa a tsaya nan take, a nemi inuwa da ruwa da asibiti. Haɗarin ya fi yawa ga mai jinin AS, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya haka jininsu yake, da yawa ba su sani ba. Mai shan tiramol kafin atisaye kuwa ya toshe ƙarar da jiki ke gargaɗinsa da ita.

Yaron ya kwana shida ana ƙara masa ruwa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Da ya dawo filin bayan wata biyu, ya tarar da jarkar ruwa a gindin darbejiya, mai usur kuma yana tambayar kowane sabon zuwa ko ya san rukunin jininsa kafin ya sa shi a layi.