Rakodar Da Za A Iya Haɗawa A Gida Don Adana Muryoyin Dattawan Kanambakashe

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mu dai abin da ya dame mu shi ne maganar da ke tafiya kabari tare da mai ita, ba tare da kowa ya riƙe ta ba.

A wata ziyara da muka kai Kanambakashe, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, mun zauna da wani dattijo wanda ya shafe kusan awa biyu yana ba mu labarin yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanen yankin ke kira El-Buhari. Ya faɗa mana irin ganyayen da aka ci, da garuruwan da matasa suka nufa ci-rani, da yadda mata suka riƙe gidaje da saƙar tabarma da tufkar igiya daga kabar Gulbin Kaba. Duk mun ɗauka a wayar salula. Bayan 'yan makonni wayar ta samu matsala, muka kai ta gyara, aka wanke ta tas. Kafin mu sake komawa, Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Abin da ya rage mana sai 'yan layukan da muka rubuta a takarda.

Wannan asara ce ta sa muka shiga binciken ko akwai wata na'ura mai araha, wadda aikinta kawai ɗaukar murya, kuma wadda yaranmu masu gyaran waya za su iya haɗawa da hannunsu. Amsar ita ce akwai.

Kafin mu kai ga na'urar, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ke neman kuɓuce mana. A watan Yulin 1899, a ƙasar Tasawa mai maƙwabtaka da Mayahi, ta'asar ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ta zo ƙarshe. A Dankori aka harbe Kanar Klobb ran 14 ga watan, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe jagororin biyu a wajen Maijirgi. Abin da Turawa suka rubuta yana nan a Faransa. Abin da talakawa suka gani kuwa, a bakin jikoki da tattaɓa-kunne yake, kamar yadda fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya nuna. Haka labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da ta 1973, da matsalar abinci ta 2005. Ga kirarin mafarauta, ga waƙoƙin niƙa da daɓe, ga sanin masu haƙar rijiya da ungozomomi.

Ba yau aka fara wannan tunani a Nijar ba. Tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974, ita ce ake kira CELHTO. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni ma tana da taskar muryoyi. Amma cibiyoyin Yamai ba za su iya zuwa kowane ƙauye kafin kowane tsoho ya kwanta dama ba. Dole 'yan gari su ɗauki nasu kason.

Zuciyar rakodar ita ce wata 'yar kwamfuta da aka ƙera a kan faranti guda, ba allo, ba madannai. Wadda ta fi shahara ita ce Raspberry Pi, da wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila ta fitar a 2012 don koya wa yara ilmin kwamfuta. A 2015 aka fito da ƙaramarta mai suna Pi Zero a kan dala 5, sannan a 2021 aka fito da Pi Zero 2 W a kan dala 15, wato abin da bai kai jaka goma ta sefa ba. Tsawonta milimita 65, faɗinta 30, ba ta kai tafin hannu ba. Sai dai wannan farashin kamfani ne. Kafin ta iso Maraɗi ta hanyar Kano ko Yamai, kuɗin sufuri da ribar ɗan kasuwa za su hau kai.

Ban da ita ana bukatar abubuwa shida. Na farko makirufo mai bakin USB, domin ita kwamfutar ba ta da kafar shigar da sauti ko kaɗan, tare da 'yar wayar da za ta haɗa su. Na biyu memori irin na waya, mai gigabait 32. Na uku batirin ajiye caji da ake kira fawa-banki, tunda wutar bolt 5 take ci kamar salula. Na huɗu maɓalli ɗaya da 'yar fitila. Na biyar ɗan ƙaramin agogo mai batirinsa, irin su DS3231, saboda Pi Zero na manta kwanan wata da zarar an kashe ta idan babu intanet. Na shida akwatin roba mai murfi, ko da na ajiye sabulu ne.

Yadda ake haɗawa bai fi ƙarfin mai gyaran waya ba. Za a zuba manhajar Raspberry Pi OS, wadda kyauta ce, a cikin memori ta hanyar wata kwamfuta. A liƙa wayoyin maɓalli, da na fitila, da na agogo a kan wasu daga ƙafafu 40 da ke gefen farantin, da irin dalmar da ake gyaran waya. Sannan a rubuta 'yan layukan umarni: idan an danna maɓalli, manhajar arecord ta fara ɗauka, fitila ta kama, idan an sake dannawa, ta tsaya ta ajiye da kwanan wata da lokaci. Malamin makaranta ko ɗalibin jami'ar Maraɗi ɗaya ya isa ya rubuta wannan umarni, saura su kwafa.

Akwai dabaru biyu da bai kamata a yi sakaci da su ba. A sa na'urar ta riƙa yanka ɗauka kashi-kashi, kowane minti goma, ta yadda in batir ya mutu ba za a rasa hirar duka ba. Kuma kada a zare wuta kai tsaye. A tsara cewa in an danne maɓalli na 'yan daƙiƙoƙi, ta kashe kanta a tsanake. Zare wuta ba zato na daga cikin abubuwan da suka fi lalata memori.

Me ya bambanta ta da waya? Yawancin wayoyi suna matse sauti don ya yi ƙanƙanta, kuma in an tura shi a saƙon murya na WhatsApp ya ƙara matsuwa; abin da aka zubar a wurin matsewa ba ya dawowa. Ita kuwa rakodar tana ajiyewa a tsarin WAV, wanda ba ya rage komai. Tana auna sauti sau 48,000 a kowace daƙiƙa, adadin da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ce kada a yi ƙasa da shi. A haka hirar awa guda na cin kusan megabait 350, memorin da muka ambata zai ɗauki kusan awa 70. Fawa-banki mai lamba 10,000 zai riƙe ta tun safe har dare, a cika shi da sola. Sannan ba kiran da zai katse hira, ba mai are ta ya cika ta da fina-finai.

Gaskiya ɗaya ce, akwai rakodojin kamfani irin su Zoom da Tascam, waɗanda sautinsu ya fi kyau, kuma duk mai hali ya saya. Amma sun fi tsada nesa, in sun lalace kuma da wuya a samu mai gyara a kusa. Ta haɗin gida kuwa, in makirufo ya mutu a canza makirufo, in batir ne a canza batir.

A wurin ɗauka, a guji kusa da injin niƙa da hanyar babura. Ɗakin ƙasa mai tabarma ya fi mai rufin kwano, musamman da rana. Makirufo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a rufe shi da soso saboda iska. A lokacin hunturu a riƙa sa na'urar a leda don ƙura, a lokacin bazara kada a bar ta a rana.

Sai dai duk wannan shi ne sashe mai sauƙi. Mai wuyar shi ne amana. Kafin a danna maɓalli a nemi izinin mai magana, a faɗa masa inda muryarsa za ta je, a ɗauki amincewarsa a farkon hirar tare da sunansa, da garinsu, da ranar. Akwai maganar da ta dace da rediyo, akwai wadda ta zuri'a ce kawai, musamman abin da ya shafi gado, gona ko sarauta. Hirar mata kuma a bar wa mata, sun fi sakin jiki da 'yan uwansu.

Bayan haka a yi kwafi uku a wurare dabam-dabam: ɗaya ga iyalan mai magana, ɗaya a makaranta ko ofishin magajin gari, ɗaya a wajen gari. A buɗe littafi a rubuta abin da ke cikin kowace hira, domin murya marar suna kamar kaset ne da aka tsinta a bola. Gidajen rediyon al'umma, waɗanda suka fara yaɗuwa a Nijar tun buɗe na Bankilare a 1999, su ne suka fi dacewa su mayar wa jama'a waɗannan muryoyi.

Kiranmu ga hukumomin Kanambakashe, da sarakuna, da malaman makarantu, da 'yan asalin yankin mazauna birane, shi ne su haɗa kuɗin rakoda ko da biyu ne, su damƙa wa matasa masu riƙon amana. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a unguwa, kuma a fara bana. Mu mun ce sai mun dawo, ba mu tarar da shi ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.