Yunwa ce ko kwaɗayi?

Daga tashar Kurfi har zuwa bakin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da la'asar ta yi, hanci ba ya hutawa: nan hayaƙin tsire, can ƙamshin ƙosai da awara. Ko mun ƙoshi daga gida, sai yawu ya tsinke. Wannan kwaɗayi ne, kuma ya bambanta da yunwa. Yunwa daga ciki take tasowa a hankali, ko ɗumame aka ba ta ta karɓa. Shi kuwa kwaɗayi ta ido da hanci yake shigowa farat ɗaya, kuma abu guda yake so.

Masanin nan ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa kan fara dalalar da yawu da zarar sun ga mai kawo musu abinci. Mu ma ƙwaƙwalwarmu kan haɗa wuri da lokaci da ƙamshi da ci. Wasu abin ya fi ƙarfi a kansu, kuma ba ragwanci ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba, wadda ke buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga. Da yawanmu muna da mai ɗaya daga cikinsu a gida.

A Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, Farfesa Kerri Boutelle da abokan aikinta sun yi gwaji da manya 271 masu ƙiba, aka fitar da sakamakon a 2022. An koya wa wasunsu auna yunwarsu kafin su ci, da zama gaban abincin da suke mutuwar so, su kalla, su shinshina, har sha'awar ta lafa. Waɗanda abinci ya fi ruɗa sun fi riƙe nauyin da suka rage ta wannan hanya, fiye da irinsu da aka ɗora kan lissafin abin da suke ci.

Mu da ke azumi mun san wannan. Ana suyar buɗa-baki, ƙamshi ya cika gida, rai ya biya, can kuma ya kwanta.

To, me za mu yi? Kafin mu miƙa kuɗin tara, mu tambayi kanmu: da tuwo ne, zan ci? Mu jinkirta minti goma. Mu ci a zaune, waya a ajiye. A gida, mu kawar da lemon kwalba da cincin daga idon Baba ko Inna in likita ya hana su.

Amma a kula, jikinmu girma yake yi, kada kowa ya bar cin abinci don ya rame. Kuma kada mu yi wa mai jiki dariya. Wanda nauyinsa ya dame shi, ya ga ma'aikacin lafiya.