Linzamin da ke cikin jikin mutum

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Ƙwaya guda tana rabuwa ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Haka yaro yake girma, haka rauni yake warkewa.

Ƙwaya ba ta rabuwa sai saƙo ya zo mata daga jiki. Amma doki ko ya ji ƙaimi, sai da linzami. Linzamin ƙwaya wani sinadari ne da ke cikinta. Masana sun gano shi a 1979, suka sa masa suna p53.

Ga aikinsa. In ƙwaya ta samu lahani, p53 yana tsai da ita, ko da saƙon rabuwa yana zuwa. Ba za ta rabu ba sai an gyara lahanin. In ya ƙi gyaruwa, sai ya sa ƙwayar ta mutu. In linzamin ya tsinke, ƙwaya mai lahani tana ta rabuwa ba tsayawa, har ta zama ƙari. Wannan shi ne ciwon daji. Wajen rabin ciwon daji na duniya, ana tarar da p53 ya lalace a ciki.

Me ke tsinka shi? A 1991, masana sun duba ciwon dajin hanta a kudancin Afirka da ƙasar Sin. Suka ga alamar wani dafi mai suna afalatoksin, wanda ke lalata p53. Dafin yana fitowa daga funfunar gyaɗa da masara da hatsin da aka aje da danshi. Dafuwa ba ta kashe shi. Ga mai ciwon hanta na hepatit B, haɗarin ya fi girma ƙwarai.

Saboda haka, manoman Barmu da Afala da Kalfu su bar hatsi ya bushe sarai kafin ya shiga rumbu. Mai sayen gyaɗa ko masara a kasuwar Tawa ya duba da kyau. Wadda ta yi funfuna a zubar, kada a yi ƙuliƙuli da ita. Uwaye su kai jarirai likita: tun 2008 rigakafin hepatit B yana cikin allurar yara a Nijar.

Rigakafi ya fi magani.