In ɗan wasa ya rasu, wa zai zauna rumfarsa?

Ko a kasuwar Dioundiou ko ta Gaya, in mai rumfa ya rasu ba a ce wa abokan ciniki ya yi tafiya. Ana zaman makoki, kana a buɗe rumfa. Wannan ce matsalar masu shirin telebijin in sun sake tara tsofaffin ƴan wasa, alhali guda ya kwanta dama.

A Amurka, shirin Gilmore Girls ya dawo a 2016, bayan Edward Herrmann da ke fitowa a matsayin kaka ya rasu a 2014. Ba su ɗauko wani ba. Suka sa mutuwar cikin labarin, har da jana'iza, matarsa ta cikin shiri na ta juyayi. Su ko masu fim ɗin Furious 7 na 2015, ƙannen Paul Walker biyu suka kira, aka ɗora musu fuskar marigayin da kwamfuta. Kuɗi kam sun shigo, amma ni abin bai kwanta mini ba.

A nan ƙasar Hausa, tun da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, masu kwaikwayonsa ke ta gwadawa. Matan da ke kallo bayan an tashi kasuwa, da jin magana guda sun gane ba shi ba ne.