Me ya sa rediyon mota ke fito idan ka haɗa shi da waya?

Idan ka saba shiga motar haya daga Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori, ka san abin da zan faɗa. Direba ya soka wata 'yar na'ura a ramin laita, ya kunna karatu ko waƙa daga wayarsa, sai ga sauti yana fita ta sifikun Golf ɗin da ta girmi wayar da shekara ashirin. Wata rana sautin ras, wata rana sai shuuu kamar ana suya, kuma da ya taka totur sai wani siririn fito ya biyo baya. Kawuna, wanda ke jigilar fasinja a wannan hanya, sai da ya sayi irin na'urar nan har uku a wata biyu, kowacce ya ce jabu ce. Da na duba motar, babu ko ɗaya da ta lalace.

Kafin mu kai ga abin da ke damun motar Kawu, bari mu fara da yadda sautin ke tafiya.

Waƙar da ke cikin wayarka ko memorinka jerin lambobi ce kawai. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ke mayar da lambobin su zama lantarki mai rauni, wanda ke hawa yana sauka daidai da yadda muryar ke hawa da sauka. Aikin rediyon mota shi ne ya karɓi wannan lantarki, ya ƙara masa ƙarfi, ya tura wa sifika ta girgiza iska. Shi rediyon bai damu da inda saƙon ya fito ba, ko daga kaset ne, ko daga gidan rediyo, ko daga wayarka. Saboda haka tambayar farko ita ce: wace ƙofa rediyon motarka yake da ita? Kuma ka riƙe wannan, duk lokacin da aka sauya wa saƙon kama a hanya, ana iya rasa wani abu ko a kwaso datti.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ramin da aka rubuta wa AUX, mai faɗin milimita 3.5, irin na abin sauraro na kunne. Nan ba a sauya komai, igiya ce ta ɗauki lantarkin kai tsaye. Idan motarka na da shi, ka huta. Sai dai ƙurar hunturu na cika ramin, shi ya sa wani lokaci sifika ɗaya ke ɗaukewa sai an murza igiyar.

Idan tsohon rediyo ne mai kaset, akwai wata dabara da har yau take burge ni: kaset mai igiya, wanda babu zare a cikinsa. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma yadda yake aiki shi ne zaren na ɗauke da maganaɗisu, yana wucewa ta gaban wani ɗan ƙarfe da ake kira hed, shi kuma ya mayar da maganaɗisun lantarki. To shi wannan kaset na bogi yana da nasa hed ɗin a ciki. Lantarkin wayarka ya shiga, ya zama maganaɗisu, hed ɗin rediyo ya karanta yana zaton zare ne ke wucewa. In ka ji sautin ya dishe, goge hed ɗin da auduga da ɗan sifirit kafin ka zargi kowa.

Gidan rediyo a ramin laita

Yawancin motocinmu dai ba AUX, kaset ɗin kuma ya daɗe da mutuwa. Shi ya sa na'urar ramin laita ta cika tashoshin mota. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, wannan 'yar aba gidan rediyon FM ce sukutum, sai dai ƙarfinta bai wuce 'yan taku kaɗan ba. Tana karɓar waƙa daga memori ko ta Bluetooth, ta watsa a kan mitar da ka zaɓa, eriyar motarka ta kama kamar yadda take kama kowace tasha.

FM, wanda Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, yana da wata ɗabi'a: idan tashoshi biyu suka haɗu a mita ɗaya, rediyo na bin wadda ta fi ƙarfi ya danne ɗayar. In kuwa ƙarfinsu ya zo kusa da juna, sai ya riƙa tsalle tsakaninsu, wannan ne shuuu da tsinkewar da kake ji. Yanzu ka dubi inda muke zaune. Funtua mararraba ce, hanya ta tafi Zariya, ta tafi Gusau, ta tafi Katsina, daga Malumfashi kuma ka miƙe Kano ta Gwarzo. Mitar da take fayau a Bakori tana iya zama ta wani da zarar ka doshi birni. Wanda ya saita na'urarsa a 99.5 zai yi karo da Freedom yana kusantar Kano, mai 93.1 ya yi karo da Arewa Radio, mai 104.5 kuma Companion FM na jiransa a hanyar Katsina. Na'urar ramin laita ba za ta iya kokawa da dogon ƙarfen gidan rediyo ba.

Maganin ba kuɗi yake ci ba. Cire na'urar tukuna, ka murɗa rediyo har ka sami inda babu komai sai shuuu zalla, ka duba mitar da ke gabanta da ta bayanta su ma babu magana, sannan ka saita na'urar a nan. Ka ajiye irin waɗannan mitoci biyu ko uku a maɓallan rediyo tun kana tsaye a tasha. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 na titi a kowace daƙiƙa, ka ga daƙiƙa uku na neman tasha sun ishi a kai ga amalanken shanu ko mai babur ɗauke da buhun masara, musamman ranar kasuwa.

Asalin motar ma yana da tasiri. Rediyon motocin da aka yi don Amurka yana tsallake mita ne bibbiyu, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a 88.2 ko 90.0. In ka saita na'urarka a irin wannan lamba, har abada sautin ba zai fita tsaf ba. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, don haka ɗan tsakanin 87.5 da 90 kaɗai kuke da shi ku haɗu.

Ko da komai ya daidaita, FM na yanke sautin da ya haura girgiza dubu 15 a daƙiƙa, alhali kunnen yaro mai lafiya na iya kaiwa dubu 20. Ga karatu da wa'azi da labarai, ba za ka ji bambanci ba. A cikin Golf mai ɗauke da mutum shida da gilashi a buɗe, ni ma ban taɓa ji ba. Abin da ya fi tasiri shi ne ƙarar wayar: in ka ƙure ta sautin ya fashe, in ka rage ta sosai shuuu ya rinjaya. Ka bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, sauran ka ƙara a rediyo.

Sai masu sabon rediyo mai ramin USB, waɗanda ke dawowa wurin 'yan dawunlodin da faɗa wai ba a tura musu komai ba. Sau da yawa an tura. Rediyoyin mota da yawa tsarin ajiya na FAT32 kawai suke ganewa, filashin da ya haura gig 32 kuwa galibi da exFAT yake zuwa. Haka kuma saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, wani tsari ne da ake kira Opus. Wayarka na karanta shi, rediyon mota kuwa ya tsallake shi kamar babu. Ka ce wa mai tura maka ya mayar da su MP3.

To fiton fa?

Wutar mota daga altaneta take fitowa, kuma altaneta wuta mai kai da komo yake samarwa. Akwai wasu diyod a cikinsa da ke miƙar da ita kafin ta shiga batir, amma ba ta miƙewa sarai, ɗan kaɗawa na saura. Da inji ya ƙara gudu, kaɗawar ta ƙara sauri. Shi ya sa fiton ke siririncewa in an taka totur, ya yi ƙasa in an saki. Duk ƙarar da ke bin totur haka, daga wutar motar take, ba daga waƙar ba.

Ta ina take shiga? Jikin mota gaba ɗaya shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Rediyo na manne da jikin a wuri ɗaya, ramin laita a wani wuri, kuma tsakanin wuraren biyu akwai ɗan bambancin ƙarfin wuta, balle in tsatsa ta ci mahaɗin. Idan ka sa waya a caji a ramin laita, kuma ka haɗa ta da rediyo ta igiyar AUX, ka buɗe wa wannan bambanci gajeriyar hanya ta cikin igiyar sauti. Rediyo ba ya bambance waƙa da datti, duka yake ƙara wa ƙarfi. A na'urar FM kuwa, dattin na shiga ta wutar da take sha, ta watsa shi tare da waƙar.

Gwajin na minti ɗaya ne. Inji na aiki, zare caja. In fiton ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Sai ka yi caji kafin tafiya, ko ka yi amfani da fawa bank, ko ka sa 'yar na'urar raba layi da ake maƙalawa a tsakiyar igiyar AUX, wadda ke miƙa sauti ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. In kuma ka cire komai, rediyo zalla ma yana fito, to maganar ta wuce ta nishaɗi. Kai wa mai wayarin ya duba mahaɗin batir da jikin mota da kuma diyod ɗin altaneta, domin altanetan da diyod ɗinsa ya fara mutuwa ba ya cika batir yadda ya kamata, kuma a hanya yake bayyana hakan.

A wasu motoci ramin laita ba ya mutuwa ko an zare makulli. In ka ga fitilar na'urar na ci bayan ka kashe mota, zare ta. Wutar da take sha kaɗan ce, amma motar da aka ajiye mako biyu bayan kaka, da tsohon batir, da sanyin asubar hunturu, sai turi. Masu manyan motocin da ke lodin hatsi a Dandume kuma su tuna yawancinsu wutar bolt 24 gare su, ba 12 ba, a duba jikin na'urar an rubuta 12–24V kafin a soka.

A motar Kawu abu biyu muka tarar. Na'urar na kan mitar da wata tasha ke kutsowa, sannan igiyar da ta haɗa batir da jikin motar ta yi kore da tsatsa. Mai wayarin ya kwance ta, ya kankare da sanfefa, ya ɗaure. Na'urar farko da ya ce jabu ce, ita ke cikin motar har yanzu, sauran biyun ya ba yaran tasha.